Dabarar ninka kuɗi a rulet da tikitin ƙwallo mai wasa ashirin: me lissafi ya ce?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Yayana zai je Las Vegas taron 'yan kasuwa, ya ce zai ware dala 1,000 ya riƙa shiga gidan caca na kwana uku. Wai ya samo dabarar da ba ta faɗuwa: ya sa kuɗi a kan ja a teburin rulet, in an cinye ya ninka, in an sake cinyewa ya sake ninkawa, har ya ci. Ni kuma ina ɗan taɓa bet na ƙwallo a waya, ina haɗa ƙananan od (wato ninkin da ake biya in an ci) kamar ashirin a tikiti ɗaya, amma kullum wasa ɗaya ne ke yanke min. Tunda lissafi ne fanninka, akwai dabarar da take aiki da gaske?

Amsa: Ƙanena, hukuncin caca a addini ba ɓoyayye ba ne, kuma na san kai ma ka sani. Aya ta 219 a Suratul Baƙara da ayoyi na 90 da 91 a Suratul Ma'ida sun gama magana, malamai kuma sun fi ni bakin yin bayaninsu. Amma tunda ta fuskar lissafi ka zo, ta nan zan amsa maka, don na lura yawancin samarin da ke wannan harka ba rashin jin wa'azi ne ya riƙe su ba. Abin da ya riƙe su shi ne zaton cewa akwai wata ƙofa ta baya da masu wayo suka sani, su ma saura ƙiris su gano ta.

Babu wani tsarin zuba kuɗi, ko ninkawa ne, ko ragewa, ko jira sai an yi kaza sau kaza, da zai mai da wasan da aka gina don ka yi asara ya koma mai riba. An tabbatar da wannan a lissafi kamar yadda aka tabbatar biyu da biyu huɗu ne. Akwai 'yan tsirarun mutane da suka ci gidajen caca da gaske, zan kawo maka labarinsu, amma za ka ga ba da irin dabarar yayanka suka ci ba.

Mu fara da rulet ɗin. Faifai ne mai juyawa da ramuka, ana jefa 'yar ƙwallo ta faɗa ɗaya daga ciki. Na Turai ramuka 37 gare shi: lamba 1 zuwa 36, rabi ja rabi baƙi, sai sifili kore. In ka sa kuɗi a lamba ɗaya ta fito, ana ba ka ninki 35 a haɗa maka da uwar kuɗinka. To ɗauka ka sa naira 1,000 a kan kowace lamba, ka rufe faifan gaba ɗaya. Ka zuba 37,000. Dole ɗaya ta fito, a miƙo maka 36,000. Ina dubu ɗayan ta tafi? Ita ce kason gida, kashi 2.7 cikin ɗari. Faifan Amurka, wanda shi ne ya fi yawa a Las Vegas, yana da sifili biyu, ramuka 38 ke nan, biyan kuma bai canza ba. Ka zuba 38,000 a ba ka 36,000, kason gida ya zama kashi 5.26. A 'yan shekarun nan ma wasu gidajen sun shigo da faifai mai kore uku, kasonsu ya haura kashi 7.6, kuma mutane na zama a kai don galibi shi ne mai arahar shiga. Ja ko baƙi duk lissafin ɗaya ne: a faifan Turai ramuka 18 naka ne, 19 na gida.

Lura da kyau, ba sai gidan ya yi maguɗi ba. Ba ya buƙatar maganaɗisu a ƙarƙashin tebur. Ribarsa tana cikin tazarar da ke tsakanin abin da ya kamata a biya ka da abin da ake biyanka, kuma a rubuce take ƙarara a kan teburin.

Yanzu dabarar yayanka. Tsohuwa ce, tun ƙarni na 18 ake yin ta a Faransa, sunanta martingel. Mu lissafa da naira don sauƙi. Ya fara da 1,000. An cinye, ya sa 2,000. Sai 4,000, 8,000, 16,000, 32,000, 64,000, 128,000, 256,000, 512,000. Duk inda ya ci a wannan layin, ribarsa naira 1,000 ce cif, ba ƙari. In kuwa aka cinye shi sau goma a jere, ya zubar da 1,023,000, kuma zubi na gaba sai ya ajiye 1,024,000, duk don neman ribar dubu ɗaya.

Zai ce maka ai faɗuwa goma a jere ba ta yiwuwa. A faifan Turai tana zuwa kusan sau ɗaya a cikin zagayen ninkawa 784 (zagaye ɗaya shi ne daga zubin farko har ya ci ko a cinye shi sau goma), a na Amurka kusan sau ɗaya a cikin 613. Ma'ana, a tsawon lokaci zai tara ribar dubu ɗai-ɗai har sau 783, wato 783,000, sannan rana ɗaya ta zo ta kwashe 1,023,000. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Dabarar ba ta rage kason gida da ko kwabo ba, abin da ta yi kawai shi ne ta tattara asarar da za ta riƙa zuwa kaɗan-kaɗan ta ɗaure ta a ƙunshi guda, ta ajiye maka a gaba.

Ga inda abin yake ruɗar mutane, kuma nan ne nake so ka tsaya ka duba. Teburin rulet yakan juya kamar sau 40 a awa. Wanda ya zauna awa huɗu kullum na kwana uku zai kammala zagayen ninkawa wajen 230. A faifan Turai, damar ya haɗu da faɗuwa goma a jere a cikin wannan zaman kusan ɗaya ce cikin huɗu. Wato in mutum huɗu suka yi irin wannan tafiyar da jarin miliyan guda-guda, uku za su dawo da ribar dubu ɗari biyu da wani abu, suna rantsuwa dabara ta yi aiki. Kuma ba ƙarya suke yi ba, abin da suka gani suke faɗa. Na huɗun shi ne ba ka jin ɗuriyarsa, don wanda aka yi wa ƙarƙaf ba ya hawa Facebook ya ba da labari. Da haka dabarar ta rayu shekara sama da ɗari biyu tana cin mutane: masu yabonta sun fi yawa, wanda ta kashe kuma ya yi shiru.

Wannan ma mai jarin ninkawa goma ke nan. Yayanka da dala 1,000, in teburin da ya samu mafi ƙarancin zubinsa dala 15 ne, sai ya sa 15, 30, 60, 120, 240, 480. Jimla 945. Faɗuwa shida kacal ta gama da shi, kuma a faifan Amurka faɗuwa shida a jere takan zo kusan sau ɗaya a zagaye 47. Da wuya ya kai daren na biyu. Ko da a ce aljihunsa ba shi da ƙarshe, kowane tebur yana da iyakar abin da za a iya zubawa, an rubuta a wani ɗan allo a gefe, kuma ninkawa ba ta daɗewa take bugun wannan rufin.

Akwai ƙanwar wannan dabara, wadda ta ce ka tsaya kana kallo, sai baƙi ya fito sau biyar ko shida a jere sannan ka sa a ja, wai lokacinsa ya yi. Faifai ba shi da ƙwaƙwalwa. Bai san abin da ya fito ɗazu ba, kuma ba ya bin kowa bashi. Ana ba da labarin wani dare a gidan caca na Monte Carlo da ke ƙasar Monaco, ran 18 ga Agusta 1913, da baƙi ya fito sau 26 a jere. Tun daga wajen na goma sha wani abu mutane suka yi ta tura dukiya a kan ja, kowa na cewa yanzu kam dole ya juya. Gidan ya kwashi miliyoyi a daren. A juyi na 27 ɗin ma damar ja ba ta ƙaru ba, 18 cikin 37 ce kamar kullum.

Abin da ya fi kason gida muhimmanci, wanda 'yan caca ba sa lissafawa, shi ne yawan kuɗin da ya ratsa teburin. Mutum yakan ce, kashi 5 cikin ɗari na dala 1,000 ai dala 50 ce, zan iya ɗauka. Ba haka ake lissafin ba. Ka san mai POS: in ka ciri 10,000 ya ɗauki cajinsa, ka mayar ya ɗauka, ka sake cira ya ɗauka. In ka yini kana haka, dubu goman za ta ƙare a caji alhali ba ka sayi komai ba. Yayanka in yana sa dala 25 a kowane juyi, juyi 40 a awa, awa 12 a kwana uku, dala 12,000 ce ta bi ta hannunsa zuwa tebur, duk da dubu ɗaya ya shigo da ita, don abin da ya ci shi yake sake zubawa. Kashi 5.26 na 12,000 ya kama dala 631. Wannan ita ce asarar da ake sa ran zai yi. Zai iya dawowa da riba, zai iya dawowa ba ko sisi, amma in mutum dubu suka yi haka, matsakaicinsu a nan zai tsaya. Wani masanin lissafi ɗan Suwizalan, Jacob Bernoulli, shi ya tabbatar da wannan ƙa'ida, aka buga aikinsa a 1713: gwaji kaɗan sa'a ke mulkinsa, gwaji mai yawa kuwa lissafi ne. Kai kana buga ɗaruruwa, gidan yana buga miliyoyi a kowace rana. Shi ba caca yake yi ba, kasuwanci yake yi.

Daidai wannan lissafin ne ma'aikatan gidan ke yi a kanka. Za su ba ka katin zama ɗan gida, suna rubuta matsakaicin zubinka da awannin da ka zauna, kwamfuta ta fitar da asarar da ake sa ran za ka yi. Daga ciki ake yanko wani kaso a mayar maka da sunan kyauta: ɗakin otal, abinci, tikitin kallo, ga manyan 'yan caca har da jirgi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk wanda aka ba ɗaki kyauta a Las Vegas, an riga an lissafa zai biya kuɗinsa ninki biyu ko uku a teburin caca. Haka kuma ba banza ba ake canza maka kuɗi zuwa 'yan faya-fayan roba masu launi, ba kuma banza ba za ka yi ta ɗaga kai ba ka ga agogo a bango ba.

Sauran wasannin tebur, a gurguje. Bakara, wadda ita ce ke riƙe da gidajen cacar Macau, wasan kati ne da ba ka da zaɓi a cikinsa sai na gefen da za ka sa kuɗi: gefen banki kason gida kashi 1.06, gefen ɗan wasa 1.24, canjaras kuwa sama da kashi 14, wannan kam kyauta ce kake ba su. Wasan da ake jefa ƙwayoyi biyu irin na ludo, babban zubinsa kashi 1.41 ne. Waɗannan sun fi rulet sauƙin cizo, amma duk cizo ne.

Blakjak, wasan katin da ake neman kusantar maki 21 ba tare da an wuce ba, shi ne kaɗai ya bambanta, kuma dalilin bambancin shi ne darasin gaba ɗaya. A rulet kowane juyi sabo ne fil. A blakjak kuwa katin da ya fita ya fita, ba ya dawowa sai an sake cakuɗawa, saboda haka abin da ya wuce yana faɗa maka wani abu game da abin da ya rage. A 1956 wasu sojojin Amurka huɗu masu ilimin lissafi suka fitar da jadawalin yadda ya kamata a buga kowane hannu. Mai bin wannan jadawali ba kuskure yana sauko da kason gida zuwa wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari, in dokokin teburin masu kyau ne. Sai Edward Thorp, malamin lissafi da ya koyar a jami'ar MIT ta Amurka, ya nuna a littafin da ya fitar a 1962 cewa in manyan katuna, wato masu goma da as, suka fi yawa a cikin ragowar, riba tana juyowa wajen ɗan wasa. Daga nan aka samu ƙirgen kati. Mafi shahararsa shi ne ka ƙara ɗaya duk lokacin da ƙaramin kati daga 2 zuwa 6 ya fito, ka rage ɗaya in babba ya fito, ka ƙara zubi in lissafin ya hau.

Wannan yana aiki, ba tatsuniya ba ce. Amma duba girman abin. Gwanin ƙirge yana samun fifikon kamar kashi ɗaya cikin ɗari. In matsakaicin zubinsa dala 100 ne, yana buga hannu 70 a awa, ribar da yake sa rai dala 70 ce a awa, alhali hawa da saukar da zai gani a cikin awa guda ta kai wajen dala 1,000 sama ko ƙasa. Yana iya yin wata biyu yana buga daidai yana asara. Sai mai jari mai kauri da haƙurin zama ɗaruruwan awanni. Kuma gidajen ba barci suke ba. Sun ƙara yawan katunan zuwa ƙunshi shida ko takwas, sun kawo injin da ke cakuɗawa ba tsayawa, wanda ya kashe ƙirgen gaba ɗaya. Tebura da yawa a Las Vegas yanzu in ka yi blakjak, wato katinka biyu na farko suka ba da 21, a zubin dala 10, dala 12 suke biya maimakon 15 ta asali. Wannan ɗan canjin kaɗai ya ƙara wa gida kusan kashi 1.4, ya haɗiye fifikon mai ƙirge har da rara. In kuma duk da haka suka ga kana ci, ƙirge da ka ba laifi ba ne a dokar Nevada, amma suna da ikon su dafa kafaɗarka su ce an gode, kada ka sake zama a teburin.

A nan akwai ma'aunin da zan ba ka, ka riƙe shi. A teburin rulet gidan da kansa ya kafa allon lantarki yana nuna maka lambobin da suka fito a baya. A teburin bakara har takarda da biro suke bayarwa ka rubuta yadda wasa ke tafiya, ka nemo salonsa. Amma mai ƙirgen kati a blakjak, korarsa ake yi. Dabarar da gidan caca ya taya ka yi, ya riga ya san ba ta da haƙori.

Duk waɗanda suka ci da gaske, wani abu suka sani wanda gidan bai sani ba. Gonzalo García-Pelayo a Madrid, farkon shekarun 1990, shi da iyalinsa sun yi ta rubuta dubban juyin faifai har suka gano waɗanda suka ɗan karkace, wasu lambobi na fitowa fiye da ƙima. Yau ana auna faya-fayan da na'ura, ana sauya musu wuri. Phil Ivey, shahararren ɗan wasan kati na Amurka, ya ci fam miliyan 7.7 a gidan Crockfords na Landan a 2012, shi da abokiyar wasansa da ta iya gane ɗan bambancin zanen da ke bayan katuna. Gidan ya ƙi biya, aka je har Kotun Ƙolin Birtaniya, a 2017 ta ce abin da ya yi maguɗi ne. Ko kwabo bai karɓa ba. Wanda kuma ya dogara da sa'a da ƙarfin zuciya, ga Archie Karas, ɗan asalin Girka, wanda aka ruwaito ya shiga Las Vegas a ƙarshen 1992 da dala 50, ya ranci 10,000, ya kai ta wajen dala miliyan 40, sannan a 1995 ya mayar musu da ita tas cikin 'yan makonni. Ni a ganina labarin Karas ya fi na Ivey amfani ga yayanka, don yana nuna ko ka ci, muddin za ka koma teburin, ajiya ce aka ba ka.

Wani abin lura: 'yan ƙasar Monaco doka ta hana su caca a gidan Monte Carlo, baƙi kaɗai ake so. Singafo kuma ɗan ƙasa sai ya biya kuɗin shiga mai tsada kafin ya taka ƙofar gidan caca, baƙo kuwa kyauta. Masu abin sun san abinsu.

To mu dawo kanka da tikitinka. Kamfanin bet ma kason gida gare shi, a cikin od yake ɓoye shi. Ɗauki wasan da ɓangarorin biyu suke kunnen doki. Adalci shi ne kowane gefe a ba shi 2.00. Kamfani sai ya ba da 1.90 da 1.90. Kai ka sa 1,000 a nan, wani ya sa 1,000 a can, kamfani ya karɓi 2,000 ya biya 1,900, ko wa ya ci. Kashi 5 ke nan. Kafin ka tashi ba riba ba asara a irin wannan od, sai ka ci kusan 53 a cikin kowane wasa 100, kuma ka daure a haka shekara da shekaru. Jin 53 kamar wasa ne, amma ƙalilan ne a duniya ke iya riƙe 55.

Haɗa wasanni da yawa a tikiti ɗaya kuwa, ba od kaɗai kake ninkawa ba, har da kason kamfani. In kowane wasa yana ɗauke da kashi 5, tikiti mai wasa goma kason ya kai kusan kashi 40, mai wasa ashirin kusan 64. Ka ga ka fi mai zama a faifan rulet mai kore uku shan wuya nesa ba kusa ba. Mu ɗauki naka: wasa ashirin, kowanne od 1.20. In ka ninka su za ka samu kusan 38, wato naira 1,000 ta zama 38,000. A ce kowane wasa yana da damar shiga 80 cikin 100, wanda shi ne kusan gaskiyar irin wannan od. Damar duka ashirin su shiga ɗaya ce cikin 87. Abin da ya kamata a biya ka ninki 87 ana biyanka 38. Garabasar da suke ƙara maka in wasanni sun yi yawa, daga cikin wannan tazarar ake ɗan yago ta, shi ya sa ba sa jin ciwon bayarwa. Duba tallansu ka gani, wanne suka fi turawa, wasa ɗaya ko dogon tikiti?

Batun wasa ɗaya ke yanke maka kuma, ba ƙaiƙayi ba ne, ba kuma bakin wani ba. A wasa ashirin masu damar 80 cikin 100, abin da aka fi sa rai shi ne huɗu su faɗi. Ranar da ɗaya kaɗai ya faɗi, sa'a ka taka sosai, kuma irin ranar ta ninka ranar cin duka sau biyar a yawa. Ita ce ke zama a ranka, ka manta da tikiti talatin da suka mutu tun wasan ƙarfe ɗaya na rana. Jin cewa saura ƙiris shi ne ƙugiyar. Kuma babu wasan da yake tabbas. Ran 22 ga Nuwamba 2022 Ajantina ta shiga fili a Ƙatar da wasa 36 a jere ba a doke ta ba, Saudiyya ta ci ta 2 da 1. A kakar 2015 zuwa 2016 kamfanonin bet na Ingila sun sa Leicester a od 5,000 da 1, ta ɗauki kofin Firimiya. Maɓallin karɓar kuɗi kafin wasa ya ƙare shi ma da nasa cajin a ciki, ana yankarka sau biyu ke nan. Wasannin ƙwallon kwamfuta da ake bugawa duk bayan 'yan mintuna kuwa, rulet ne aka sa wa riga mai lamba, babu abin nazari a cikinsu, kuma saurinsu ne ke sa kuɗi ya ratsa da yawa.

Masu sayar da "tabbataccen od" a Telegram da WhatsApp, ga yadda mafi wayonsu ke yi. Ya tara mutum 1,024. Rabi ya ce musu gida za ta ci, rabi ya ce ba za ta ci ba. Bayan wasa, 512 sun ga ya faɗi daidai. Ya sake raba su biyu, saura 256, sai 128, sai 64, sai 32. Waɗannan 32 sun ga mutumin da ya canki wasa biyar a jere da idonsu, ko nawa ya ce su biya na shida za su biya. Wasu kuma kamfanin bet ne ke ba su kamasho a kan mutanen da suka kawo, sau da yawa daga cikin asarar da mutanen suka yi. Wanda ya san sakamakon wasan gobe da gaske, me zai yi da dubu biyar ɗinka?

Akwai masu cin bet na ƙwallo, ban musa ba. Tony Bloom mai ƙungiyar Brighton da Matthew Benham mai Brentford duk ta wannan hanyar aka san su. Amma kamfanoni suka kafa, da ma'aikata masana lissafi da kwamfutoci, suna sayen bayanai, suna farautar wuraren da od ya kauce wa gaskiya da kashi ɗaya ko biyu, suna zuba maƙudan kuɗi a kan wannan 'yar tazarar. Da irinsu kake gogayya duk lokacin da ka ce ka fi od sanin wasa, don kuɗinsu ne ke gyara od ɗin kafin ya iso wayarka. Ƙaramin ɗan wasa kuma da ya fara ci a kai a kai, kamfanoni da yawa rage masa iyakar zubi suke yi har ta koma ba ta da amfani. Masu irin wannan sana'a suna amfani da wata ƙa'ida da John Kelly ya fitar a 1956, wadda ke faɗa maka kason jarinka da ya kamata ka zuba gwargwadon fifikon da kake da shi. Mai damar ci 51 cikin 100 a wasan ninki biyu, kashi 2 na jarinsa ta ce ya sa. Wanda ba shi da fifiko kuwa, amsar da take bayarwa sifili ce. A rulet sifili, a bakara sifili, a tikitinka mai wasa ashirin sifili.

Ga aikin da zan ba ka. Buɗe manhajar bankinka, ba ta bet ba, ka fitar da bayanan wata shida. Tara duk abin da ka tura wa kamfanin bet a gefe guda, duk abin da ya dawo asusunka a ɗaya gefen. Kada ka lissafa abin da ka ci ka sake zubawa, wanda ya dawo banki kaɗai. Ƙwaƙwalwa tana riƙe ranar da aka ci 40,000, ba ta riƙe ɗari biyar-biyar ɗin da suka tafi kullum. Yayanka kuma ka rubuta masa layin nan na 15, 30, 60, 120, 240, 480 a takarda, ka tambaye shi abin da zai sa a zubi na bakwai.

In kuma ka duba ka ga kana zuba kuɗi ne don ka fanshe na jiya, ko ka fara cin bashin manhajojin lamuni, ko kana taɓa kuɗin shago ko na makaranta, ko kana ɓoye wa na gida, to maganar ta wuce lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca a cikin jerin cututtuka, likitocin ƙwaƙwalwa kuma suna ɗaukarta a sahu ɗaya da shaye-shaye. Rufe shagunan bet da Hisbah ta yi a Kano a 2024 bai taɓa wanda shagonsa ke cikin aljihunsa ba. Yawancin manhajojin suna da wurin da za ka nemi a rufe asusunka, ka yi hakan, ka goge su, ka miƙa wa wani babba da ka yarda da shi katin bankinka na ɗan lokaci. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, duk akwai likitocin da za ka iya zama da su a kan wannan.